Ranar da na yanke wa guɗar Gwaggo Habsu kai

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rakiya ba, kuma ko na so in manta, dangina sun ɗauki alkawarin tuna mini har tsufana.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tawa, lissafi nake koyarwa. Amma a shekarar nan sai na sayi tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, na saka mata manhajar haɗa kiɗa, na kalli bidiyo biyar ko shida a waya, shi ke nan na fara tafiya kamar wanda ya ƙirƙiro sauti. (Har suna na raɗa wa kaina. Ba zan faɗa muku ba, ina da iyali.) Da aka sa ranar auren Rakiya, na tashi gaban kowa na ce waƙar amarya a wuyana take.

A danginmu ba a biki ba guɗar Gwaggo Habsu, yayar mahaifina, wadda ke zaune a Bambeye. In ta kama hanci ta saki murya, har na bayan gari sun san an ɗaura. Sai dai a daminar nan tari ya kwantar da ita wata biyu, mata suka fara raɗa cewa muryar ta tafi. Maganar ta kai kunnenta, ta kuma yi mata ciwo ƙwarai. Ita ce ta aiko a kira ni.

"Mushe," ta ce (haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ita kuwa ba ta kirana haka sai in za ta zolaye ni, ko in tana son abu), "an ce kana da akwatin kama murya. Ka kama guɗata nan ɗaka, ina zamne, in huta in sake. Ranar buki ka sa ta. Ban so ta karye mani gaban mutane."

Na hau kabu-kabu da kayana. Na kai mata makirfo bakin leɓe, ta ture hannuna, ta ja kujerarta baya taku uku.

"Gwaggo, ki matso mana."

"Kai dai kama. Ni na san abin da ka hitowa bakina."

Ta yi guɗa uku, ta ukun ta fito tas, har gashin jikina ya tashi. Na dawo Tawa da ita kamar mai ɗauke da ƙwai.

A nan aikin jahilci ya fara. A manhajar, kowane sauti yana da layinsa: kalangu, muryar abokina da ya rera waƙar, tafi, sai guɗa. A gefe kuma akwai wata sanda mai nuna ƙarfin sautin duka, tsanwa a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a can ƙololuwa inda aka rubuta sifiri. Sifirin nan shi ne rufin ɗaki. Duk sautin da ya wuce shi ba ya ƙara ƙarfi, kansa ake yankewa, sai ya fito da ƙarar tsagewa. Masu aikin suna barin fili tsakanin kiɗansu da rufin, don in ganga ta daka ko murya ta cilla ta sami inda za ta miƙe. Yanzu na san wannan. A lokacin, filin nan asara nake ganinsa, kamar direban tasha da ya ga kujera ba kowa.

Da yake Gwaggo ta ja baya, guɗarta ta fito 'yar ƙarama a allo. Na ɗaga ta. Sai ta danne kalangu, na ɗaga kalangu. Kalangu ya haɗiye mawaƙi, na ɗaga mawaƙi. Tafi ya ɓace, na ɗaga tafi. Na koma kan guɗa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin ɗaga sautin nan yana sauka ƙasa ma. Kafin in gama, sandar ta manne a ja ba ta ko motsi, ni kuwa ina murmushi ina cewa ga ƙarfi. Na ji 'yar ƙara-ƙara, gaskiya, amma na ɗora laifin a kan abin kunnena na kasuwa, wanda ko karatun labarai aka sa masa sai ya yi kuka.

Allah bai bar ni babu gargaɗi ba. Ana gobe biki na kai waƙar wurin Illa mai sono, dattijon da ke ba da hayar manyan lasifika. Ya leƙa allon, ya daɗe yana kallo.

"Mushe, ja ɗin ga ya yi yawa hwa. Ka rage duka, ka bar mata hili. In ƙarhi kaka so, ni ka ba da ƙarhi, ga injina nan. Mu gwada ta yanzu ka ji."

Na ce masa ba sai an gwada ba, ba na son waƙar ta fita kafin ranarta. A zuciyata kuma na ce mutumin da aikinsa ɗaukar lasifika a amalanke, me ya sani game da manhaja?

Bayan la'asar aka cika ƙofar gidanmu, rumfa biyu, mata sun sha ado, Gwaggo Habsu a kujerar gaba. Na raɗa wa mai sanarwa ya ambaci sunana, ya kuwa ambata sau uku, har da "injiniya". Illa ya dube ni, ya danna.

Kalangu ya shigo kamar ana soya kifi a kwanon rufi. Na ce a raina zai gyaru. Mawaƙi ya shigo kamar yana cikin buhu. Sai guɗa. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta ba. Wata irin tsagewa ce ta fito daga lasifika huɗu, jarirai suka fashe da kuka a tare, wata tsohuwa ta yi salati, awakin maƙwabta suka amsa. Rakiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, har yau ban sani ba kuka ne ko dariya. Abin da ya fi kashe ni shi ne muryar wata mata a bayana: "Wayyo, ashe gaskiya na, muryar Habsu ta ƙare."

Gwaggo ta ji. Na ga ta ji. Na so ƙasa ta buɗe in shige da ordinatar gaba ɗaya, domin matar nan amana ta ba ni, ni kuma na tabbatar wa masu raɗa maganarsu da lasifika huɗu.

Ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zane, ta ce da Illa ya kashe. Ya miƙa mata makirfo, ta ce ya riƙe a inda yake, ta ja baya taku uku. Ta kama hanci. Abin da ta yi wata biyu tana tsoro, ni na tilasta mata shi a gaban gari. Ta fara a ƙasa-ƙasa, ta hau, ta hau, ta cilla, ba ta karye ba ko kaɗan. Wuri ya kaure da tafi da shewa. Da aka lafa, ta nuna ni da yatsa.

"Kun ji tawa. Waccan ta injiniya ta."

Washegari na zauna kusa da Illa kamar ɗalibi. Muka ja kowane layi ƙasa, muka bar fili mai kyau ƙarƙashin sifiri, sandar tana rawa a tsanwa, tana leƙa rawaya in guɗa ta zo. Waƙar ta fito garau, guɗar tana nan lafiya lau yadda aka ba ni ita. Da ma ba abin da ya same ta sai ni.

Tun daga ranar, in abu bai ji ba a waƙa, na kan fara tambayar me zan rage. In kuma dattijo ya ce mu gwada, ina gwadawa. Gwaggo ta yafe mini, amma da sharaɗi. Ba ta iya karatu ba, ta dai san launi. Duk waƙar da na haɗa wa dangi sai an kai mata allon ta gani da idonta, ta sa tabarau, ta duba sandar, ta dube ni.

"Tsanwa ta. To, a sa."