Ma'auni Ya Sayi Firinta

Duk layinmu babu mai ido irin na Ma'auni, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin fenti yana duba inganci, wato shi ne mutumin da ke tsoma sanda a gwangwani ya ɗaga ta sama ya ce launi ya yi ko bai yi ba. A iya sanin ma'aikatan wurin, sau uku kacal ya taɓa cewa ya yi, ɗaya daga ciki ma ya janye washegari. Shi da bakinsa ya gaya mana fari iri goma sha bakwai ne, mu da muke ganin fari ɗaya ne jahilci ne ya yi mana katutu. Tun da ya yi ritaya muke cin moriyar wannan baiwa kyauta. Ka fente ƙofar gidanka, kafin ta bushe ya iso, hannu a baya, ya sanar da kai cewa shuɗin nan ya sha ruwa. Ka saka sabuwar riga ya ce maɓallan ba su dace da yadin ba. Shi ya sa muka laƙaba masa Ma'auni, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har ɗaga hannu yake in an kira shi.

A gidansa akwai mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa mai barkwanci wadda ta haura tamanin. Ido ne ke damun ta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin yana raguwa daga gefe yana matsowa tsakiya, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ana cikin haka sai Auta, ƙanwar Ma'auni da ke aure can nesa, ta haifi 'ya mace bayan shekara goma sha ɗaya tana jira. Tafiyar ta fi ƙarfin Inna, mai jego kuma ba ta isa tasowa ba tukuna. Aka turo hoton jaririya ta wayar babban wa. Inna ta kai wayar har kan hancinta, hasken ya sa ta hawaye, fuskar kuma ba ta fi girman maɓalli ba.

"Babba," in ji ta, don haka take kiran sa, "ka fitar min da ita a takarda, ƙatuwa, in kai ta bakin taga in gani tun ina iyawa."

Buƙatar ke nan gaba ɗayanta. A bakin titinmu akwai mai hoto da zai gama wannan aiki kafin ka shanye kofin ruwa. Matar Ma'auni ta ambaci shagon, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wancan? Mutumin da ke fitar da fuskar jama'a kamar an shafa musu jar ƙasa? Jikar mahaifiyata ba za ta bi ta injin da ake buga hoton katin shaida ba. Firinta zan saya, ta gida, mai feso tawada. Za a yi abin nan a ilmance."

Zaɓen firintar ya ci mako uku. Kanti bakwai ya zaga, ko'ina ya shiga a matsayin mai saye ya fito a matsayin malami. Na raka shi na ƙarshen, don Allah ya ɗora min son ganin ƙwal uwar daka. Mai kantin ya nuna masa wata mai kala huɗu, ya ce ta ishi gida, hotonta tas. Ma'auni ya yi masa murmushin tausayi.

"Kala huɗu ta buga rasit ce, ɗan'uwa. Fatar mutum shida take so: baƙi, rawaya, shuɗi, ja, sannan shuɗi mai haske da ja mai haske, su ne ke sa kunci ya fito kunci ba tabo ba. Kuma tawada iri biyu ce, ko ba a koya muku ba? Akwai mai narkewa, tana da ƙyalli amma rana na cin ta. Akwai mai ƙwayar gari, wadda ke shekara ɗari ba ta koɗe ba. Ni ba na aikin da zai riga jikokina mutuwa."

"Yallaɓai, duk gaskiya ne," in ji mai kanti. "Amma mai shekara ɗarin ba mu da ita a ƙasa, sai an yi oda. Kwana goma."

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Ma'auni. Ragowar maganar, inda ake cewa sai dai a daɗe ba a je ba, bai ga dalilin ƙarasa ta ba. Haka aka yi odar na'urar shekara ɗari saboda tsohuwar da likita ke auna wa gani da watanni.

Ranar da firintar ta iso, an kwashe keken ɗinkin matar gidan daga ƙaramin ɗaki an mayar baranda. An ja labule saboda rana, an toshe ƙasan ƙofa saboda ƙura, an ɗinka wa na'urar riga. Ya liƙa dokoki tara a bango. Kada in ci haƙƙinsa, wasu dokokin na hankali ne: a kashe ta da maɓallinta, kada a fizge waya daga bango, a buga wani abu ko sau ɗaya ne a mako don kada tawada ta bushe a 'yan ramukan da ke feso ta, a sa takarda mai sheƙi ta fuskar da ta dace, a kuma gaya wa na'urar irin takardar da aka ba ta. Amma doka ta bakwai ta haramta soya albasa in firinta na aiki, ta takwas ta hana tari a ɗakin, ta tara ta ce wanda bai fahimci takwas ɗin farko ba ya tsaya a bakin ƙofa.

Sai aka shiga gwaji. Firinta tana da wata takarda da take bugawa, 'yan layuka kala-kala, don a ga ko wani rami ya toshe. In ya toshe sai a danna mata ta wanke kai, wato ta zuƙo tawada da ƙarfi ta buɗe ramukan. Masu ita sun rubuta a littafinta cewa sai an ga matsala ake yin haka, don wankin yana shan tawada. Ma'auni ya ce masu rubuta littafi ba su taɓa aikin inganci ba. Safe da yamma firinta na wanke kai tana gurnani, shi kuma yana tsaye da gilashin ƙara girma yana bin layuka ɗaya bayan ɗaya. Kowace takarda ya sa mata kwanan wata ya adana a fayil, ya kuma nuna min fayil ɗin da irin alfaharin da wasu ke nuna 'ya'yansu.

Don dai a ɗana na'urar, ba don wani abu ba, ya fara buga hotonsa na ranar ritaya, inda yake karɓar agogon bango. Ikon Allah, wannan hoto bugu ɗaya ya ci jarrabawa. Kafin azahar an kai shi an sa masa gilashi, kafin la'asar yana rataye a falo.

A mako na shida hoton jaririya ya fito. Matarsa na wurin, a bakin ƙofa, inda doka ta ba ta izinin tsayawa. Ta ce ita dai ta ga yarinya tubarkalla, ta miƙa hannu za ta kai wa Inna da ke falo, taku goma tsakani. Ma'auni ya ɗora gilashinsa. Can a gefen tawul ɗin da aka naɗe yarinyar ya hango wani layi siriri wanda ko sauro bai isa ya gani ba. Ya yaga hoton gida huɗu.

"Haba maigida! Da babu ai gara ba daɗi."

"Wannan karin maganar shi ya kashe masana'antu," in ji shi. "Ba a kai wa uwa aikin da ba a sa wa hannu ba."

Daga nan wankin kai ya zama biyu a gidan, firinta na wanke nata, mai ita na wanke nasa. Hoto na biyu ya yi duhu, laifin takarda ne. Na uku ya yi ja, laifin laima ce, ga matar gida ta yi shanya kusa da taga. Na huɗu ba shi da aibi ko kaɗan, kuma shi ya fi tayar masa da hankali, har sai da ya gano cewa tun asali mijin Auta ne bai iya ɗaukar hoto ba. Ya kira mai jego a waya ya yi mata darasin haske na rabin awa, ya ce a sake ɗauka da hantsi, a juya yarinyar ta fuskanci taga. Bai tambayi lafiyar yarinyar ba, ko da yake ya tambayi kalar labulen ɗakin. An turo sabo, sai ja mai haske ya ƙare, tunda duk ya tafi a wanki. Mai kanti ya ce akwai tawadar ɗurawa, yau-yau za a samu. Ma'auni ya ce ko gawarsa ba za ta yarda a zuba wa na'urarsa tawadar da ba ta san ubanta ba. Aka sake oda.

Matarsa ta gaji. Ta sa Auta ta turo mata hoton a ɓoye, ta yafa mayafi za ta shagon mai hoto, Inna ta ji motsin takalminta ta tsayar da ita.

"Kada ki kunyata shi, 'yar nan. In ya ji an kai wa wani, ko abinci ba zai ci ba. Ƙyale shi, ya kusa."

Na sha jin ana cewa uwa ba ta ganin laifin ɗanta, amma ban taɓa ganin wadda ta ba da idonta a kai ba sai Inna, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

A wata na uku Inna ta daina tambaya. Ta fara laluben kofinta, tana gane masu gaishe ta da murya. Rannan na shiga, ta amsa min da fara'a tana kallon inda ba na tsaye. Kowa ya lura, har mai karanta mitar wuta. Mutum ɗaya ne bai lura ba, mai fari goma sha bakwai, don a lokacin yana fama da wata inuwa a ƙarƙashin haɓar jaririya da ta ɗan karkata zuwa kore. Kullum zai wuce ta gaban uwarsa da takarda a hannu ya ce, "Inna, saura ƙiris," ita kuma ta ce Allah ya yi albarka.

Wata huɗu da kwana tara, aiki ya kammala. Ya bar hoton ya sha iska kwana guda cur kamar yadda ilimi ya tanada, sannan ya aika a kira maƙwabta, don abu irin wannan ba a yin sa babu shaidu. Mu shida muka zauna a falo da yamma, rana ba ta sauka ba. Inna na kan kujerarta a bakin taga. Ma'auni ya fito sanye da farar safar hannu, ya riƙo hoton ta gefe-gefe, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, abin da za ku gani ba hoto ba ne, sakamako ne. Gwaji tamanin da huɗu. Ɗigon tawada dubbai a kowane inci, ba wanda ya hau kan ɗan'uwansa. Ku dubi baƙin nan, baƙi ne mai zurfi, ba baƙin shagon bakin titi ba. Ku dubi farin tawul, wannan shi ne fari na tara. Shekara ɗari nan gaba, duk mun zama ƙasa, takardar nan na nan tana ba da shaidar cewa an taɓa yin mutumin da ya san aikinsa. An ce gani ya kori ji. Inna, bismilla."

Hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa ganin irinsa ba, kamar ka taɓa yarinyar ta motsa.

Inna ta miƙa hannu ta kama iska, sannan ta kama takarda. Ya ce a kula da yatsu, ta ce to. Ta juya wajen da take jin ɗumin rana, ta kai hoton kusa da fuskarta, ta matsar da shi dama, ta matsar hagu, ta nisanta shi, ta sake kusantowa. Ta daɗe a haka. Matar gidan ta juya ta fuskanci bango. Daga ƙarshe tsohuwa ta sauke hoton a cinya ta shafa shi da tafin hannu.

"Santsi kam akwai shi," ta ce. "Sannu da aiki, Babba. To gaya min, tunda kai ka fi kowa kallon ta. Da wa ta yi kama?"

Ma'auni ya ce launin fatar ya fito daidai da na asali, kuma an shawo kan koren da ke ƙarƙashin haɓa.

"Ba wannan na tambaye ka ba. Hancin wa ta ɗauko, namu ko na dangin uban? Goshin fa? Idonta biyu a ciki, ko barci take?"

Ya zare hoton daga cinyarta a hankali, ya riƙe shi nesa da ido a karo na farko, yana kallo kamar wanda aka haɗa da baƙo a tasha. Wata huɗu ya yi a kan wannan fuska, ya san kowane ɗigo da ke cikinta. Muna jin sa yana "e to... wato..."

Inna ta lalubo hannun rigarsa ta ja shi ƙasa.

"Ba komai, zauna nan kusa da ni," ta ce. "Ashe mu biyu ne ba mu gan ta ba."