Sarkin Ruwan Montana

Shekarar da muka tashi daga garin Greensboro zuwa jihar Montana a mota, ni da matata Hajara da abokina Malam Sani, tun a hanya na ishe su da labarin yadda na girma a bakin kogi a Gaya, ina tsallake shi da iyo kafin karin kumallo.

Muka isa wani tabki. Ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, duwatsu kewaye da shi, ƙanƙara fara fat a kawunansu. Watan Yuli ne, rana na dukan ƙeya. Malam Sani ya ce, "Ka ga ƙanƙarar can? Ita ke narkewa tana cika shi. Fara taɓawa da yatsa."

Na yi masa kallon tausayi. Ɗan Gaya ne zai gwada ruwa da yatsa? Na tuɓe riga, na yi bismilla, na faɗa.

Wallahi ban yi iyo ba. Numfashina ya ɗauke, hannuwana suka ƙi motsi, kalmar shahada kawai nake laluba. Wata tsohuwar Baturiya a ɗan kwalekwale ta miƙo mini filafili, ta jawo ni gaɓa. Hajara ta lulluɓe ni da mayafinta tana kuka, da ta ga ina numfashi sai ta koma dariya.

Alhamdulillahi na dawo da raina. Amma har yau, ko a wajen suna aka miƙo mini ruwan sha, sai wani ya ce, "Dakata, a ɗumama wa Sarkin Ruwa tukuna."