Duhun Da Na Yi Wa Sharhi

Kwanaki na yi ina karance-karance a waya kan wani nau'in fim da ake kira film noir, don in gane abin da ya sa masana ke gardamar wanne ke ciki, wanne ba ya ciki. Ni kaɗai na raba musu gardamar: in dai fim baƙi da fari ne, ga inuwa, ga mace makira, magana ta ƙare.

Ran Asabar da la'asar abokaina suka zo gidana a Kazaure. Na kunna tsohuwar talabijin ɗina, sai ga fim baƙi da fari, wani mutum tsaye cikin ruwan sama.

Na ce, "Ku yi shiru! Ga noir na asali. Kun ga duhun nan? Da gangan aka yi shi."

Alhaji Sale, abokina ɗan Ɓaɓura, ya ce, "To Malam, matar can mai murmushi fa?"

Na gyara zaman hula na ce, "Ita za ta kashe shi."

Alhaji ya miƙe zai ɗebo ruwa, ƙafarsa ta taɓa wayar bayan talabijin. Nan take launi ya dawo. Ashe makirar jan sari ne a jikinta. Ta kama hannun mutumin, suka hau rawa da waƙa cikin furanni.

Alhaji ya tambaya a hankali, "Sai bayan rawar za ta kashe shi?"

Har yau, da an ɗauke wuta a majalisarmu, sai wani ya ce, "Ku yi shiru, da gangan aka yi shi."