Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar Goggo Mai Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya yi yawa har aka daina jin nauyinsa, Goggo mai sharar hawa na uku tana sanar da abokan aiki rasuwar wayarta, 'Yar Baƙa, ranar Talata da yamma. Shekararta tara a duniya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Sau biyu tana faɗawa bokitin mopa tana tashi. Fuskarta ta tsage tun tana ƙarama, ba ta taɓa ƙorafi ba. Babbar amanar da ta riƙe ita ce saƙonnin murya arba'in da ɗaya na mijin Goggo, direban tasi, wanda ya riga mu gidan gaskiya bara waccan. Ba wani zancen kirki ba ne a ciki. "Kin iso?" "Ki taho da sabulu." "Ni fa na gaji da jiranki a bakin get." Kullum kafin Goggo ta kama aiki sai ta saurari guda a ɗakin ajiye tsintsiya, ta ce masa ya cika mita.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da kamfani ya canza wa waifai, wato intanet ɗin ofis, makulli. Aka ce daga yanzu ta waya za a riƙa sa hannun zuwa aiki, wanda bai sa ba kwana uku ya nemi wani wurin. Wayar kowa ta shige, 'Yar Baƙa ta tsaya a bakin ƙofa. Ta yi ta juyi wai tana haɗawa, sai ta yi ɗan kukanta, ƙit, ta koma.

Injiniyan ofis, tsakani da Allah, ya yi iya yinsa. Ya sa ta manta da waifan ta sake koyo. Ya buga lambar sirri sau bakwai. Ya gyara mata agogo. Ya ɗora mata takardar shaidar kamfani, ta tofar. Daga ƙarshe ya ce sai an wanke ta tas, ya tambayi Goggo ko ta adana kayanta. Ta ce e, don ta kwafe lambobin mutane kaf a littafi da hannunta. Ba ta san murya ma kaya ce ba.

Aka wanke ta. Ta farfaɗo tana gaida Goggo kamar baƙuwa, waifan kuma ta ƙi shi dai. Injiniya ya ce tsufa ne, sabon makullin bai san irinta ba. Kafin a tashi aiki ta ɗauke wuta, shi ke nan.

Ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da littafin lambobi, da Goggo. Babbar 'yar Goggo ta ara mata wata waya, wadda ta shiga waifan cikin minti guda. Aiki ya tsira. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta share hawa na uku, ta wuce ta share na huɗu da ba nata ba.

Za a naɗe marigayiyar a hankici ranar Alhamis lokacin hutun rana, a kwantar da ita a durowar ƙasa ta ɗakin tsintsiya. Babu zaman makoki, akwai aiki. Ana roƙon masu ta'aziyya, musamman tsofaffin masu gadi da suka san direban, kada su tambayi Goggo komai. Amma idan a cikinsu akwai wanda ya iya kwaikwayon yadda yake cewa "kin iso", ya same ta a hawa na uku. Tun jiya take ƙoƙarin kwaikwayonsa, ta kasa.