Rasuwar Tsanin Layinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, ni tsohon kafintan ƙarshen layi nake sanar da rasuwar Tsanin Unguwa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara arba'in da shida. Ban yi boko ba, 'yata ce ke rubutawa, kuma na hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Ni na haɗa marigayin, ba awo, ido kawai, mataki goma sha ɗaya. Kullum yana jingine a katangata, mai rufin da ke yoyo ya ɗauka ya dawo da shi. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya karya mataki shi zai kawo katako, in sa, in ƙona alamar gidansa a jiki. Almakashin da ke jikin mataki na uku na tela ne. Na biyar na mai wanki. Na bakwai na ungozoma, wadda ta hau kamo kazarta ta riga kazar saukowa. Masu ilimi suna da littafi, ni a jikinsa nake karanta unguwar nan.

Shekarar ambaliya ya hau da mutum ashirin da uku kan kwanona, har da akuya, ni ina riƙe da ƙafarsa, ruwa iya ƙirjina. Mai musu ya je ya tambaya, rabinsu suna raye.

Rashin aiki ne ya fara kwantar da shi. Aka rushe gidajen layi ɗaya bayan ɗaya, benaye suka tashi, tsawonsa ko tagar sama bai kai ba. Sababbin maƙwabta ba su san aro ba, balle sallama. Gara ta samu wuri.

Gidana kaɗai ya rage. Mai benayen, wanda yake son filina don ajiye motoci, ya kawo wani mai duba gini, aka ce rufina ya lotsa, aka ba ni takarda cewa in ban gyara kafin ƙarshen wata ba, za a rushe gidan. Na ɗauko marigayin na hau. Ya yi "ƙiiƙ", gaisuwarsa ta kullum. A mataki na tara ya ce "ɓaras". Na faɗo da shekaruna tamanin, na tashi na kaɗe wando, ko ƙwarzane babu. Shi ne bai tashi ba.

Ya rasu ya bar guduma, da zarto, da bokitin tarar yoyo, da gidaje goma sha ɗaya da aka watsa bayan gari, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ƙofar gidana. Ba za a haƙa rami ba, ba kuma za a ba mai itace ba. Ƙafafunsa biyu za su tokare rufin da aka ce zai faɗi. Matakan zan kafa su a jikin ƙofa, alamomin suna kallon titi. Na aika wa masu alamomin, su ko 'ya'yansu, kowa ya zo da katako ɗaya. Kafin azahar magajinsa zai miƙe, in hau in ƙarasa gyaran.

Mai benaye ma an gayyace shi, akwai kujera, amma ya bar takardarsa a gida. In yana son a san da shi a layin nan, doka ba ta sake ba: ya yi sallama ya ara, ya hau, ya karya, ya kawo katako.