Ranar da Na Kori Mijina a Tashar Funtuwa

Har gobe ban manta da ranar da na kai Gwaggo Saratu tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa ba. Lokacin ina amarya ɗanya shataf, an kawo ni daga Gozaki. Maigidana Bitrus ma'aikacin reluwe ne, shi ke zuba wa kan jirgi kwal, irin tsohon injin nan mai tururi da ke jan taragun auduga zuwa Zariya. (A Gozaki kuwa na gama baza labari cewa jirgin nan ba ya motsi sai da izininsa.)

Abin da ban sani ba shi ne, Bitrus ba ya dawowa gida sai ya yi wanka a wurin aiki. Kullum fes nake ganinsa, kamar mai zuwa majami'a.

Da Gwaggo ta zo ganin ɗakina tare da ƙawayena biyu, na ce sai sun ga mijina a bakin aiki. Na ɗaura farin zanen aurena, na kafa ɗauri, muka tafi.

Sai ga jirgi ya shigo yana huci, ƙasa na rawa, tururi na fita ta ko'ina. Ƙawayena suka ɓuya bayan Gwaggo. Ni ko na tsaya ƙyam, ina baza ido in ga mai farar riga.

Wani mutum ya diro daga kan injin, baƙi ƙirin tun daga hula har takalmi, idanu da haƙora kaɗai ke haske. Ya nufo ni yana washe baki.

Na tattare zanena na ce, da ƙarfi kuwa, "Malam, dakata daga nan! Ni matar aure ce. Mijina babba ne a jirgin nan, in ya gan ka, ka bar aiki yau."

Ya wuce ni, ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Gwaggo, sannunku da zuwa. Yaya mutanen gida?"

Muryar da nake ji kullum da safe! Gwaggo ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Tashi, kada matar babban mutum ta sa a kore ka."

Masu sayar da rake, 'yan dako, har direban da ke leƙowa ta taga, kowa ya fashe da dariya. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tarago.

Amma da lokacin tashi ya yi, na ga Bitrus ya buɗe bakin wutar nan yana watsa kwal da shebur, gumi na tsiyaya, har ƙaton ƙarfen ya ja dogon numfashi ya motsa da duk lodinsa. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe dai ba ƙarya kika yi ba."

Shekara da shekaru ma'aikatan tasha suna kirana Matar Babba, ina amsawa da fara'a. Sai dai tun daga ranar, ba na yi wa kowa tsawa sai na bari ya yi magana tukuna.