Rasuwar Bulbul, Makankarin Gilashi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Karamat Bhatti, mai wanke sababbin gidaje bayan magina sun tashi, a nan Gujranwala, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar makankarina na gilashi, wanda aka fi sani da Bulbul. An kankare ƙafar akuya da shi, muƙamuƙinsa ya goce, ya karce babbar tagar Haji Inayat, sannan ya karye a hannuna ranar Asabar da hantsi. Limamin unguwarmu ya ce ba a yi wa ƙarfe salati, shi ya sa ban rubuta ba. Abin da ke raina dai Allah ya sani.

An haifi marigayin a Wazirabad, a hannun wani tsohon maƙeri da shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Bakinsa tagulla ne, ƙotarsa katako, ƙusa ɗaya ce take riƙe masa reza. Ya zo hannuna tun ina gwauro. A gabansa aka kawo matata, a gabansa aka yaye yaran duka, a gabansa aka aurar da babbarsu. Ƙotarsa ta lotsa daidai inda babban yatsana yake zama.

Wanda bai san aikinmu ba gani yake wasa ne. Mai fenti zai zo da injin feshinsa, a ce masa ya rufe tagogi da tsohuwar jarida, ya ɗaga kai ya ce ai yau babu iska. Ya yi feshinsa, a sallame shi, ya hau babur. Sai ka tarar da gilashi ya yi ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo, in ka shafa ka ji kamar yashi. Wannan ɗigon shi ne abincin marigayi, kuma bai taɓa barin saura ba.

An shaide shi da ladabi. Bai taɓa hawa busasshen gilashi ba, sai an jiƙa masa da ruwan sabulu. A kishingiɗe yake aiki, ba ya miƙewa tsaye. Gaba yake tafiya, ba ya ja da baya a kan gilashi. In ya kai ƙarshe a ɗaga shi, a goge masa baki da tsumma, a sake kwantar da shi. Aibinsa ɗaya, ba ya son tsohuwar reza, kuma ban taɓa yi masa gorin wannan ba. Sunansa na wani tsuntsu ne mai waƙa, ya samo shi ne daga kukansa. In yana cin fenti sai ka ji shiik, shiik, in wuri ya fita sai ya yi tsit. Matata ta ce ko ita ban taɓa saurarenta haka ba. Na ce mata shi in aiki ya ƙare shiru yake yi.

Ba a aronsa. Duk wanda ya taɓa aiki da ni ya san wannan.

Ga yadda jinyar ta faro. Haji Inayat ya dawo daga Sharjah ya gina bene, ya sa wa falonsa taga mai kallon titi, gilashi falle ɗaya da aka yi ta jira kafin ya iso daga Lahore. Liaqat mai fenti ya fesa wa ƙarfen tagar baƙin fenti, kuma a ranar ma, a cewarsa, babu iska. Ɗan kwangilar ginin, Chaudhry Sarwar, ya tsorata, har yana maganar ɗauko wani kamfani mai ruwan magani. Muna shan shayi da leburori ya dube ni, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a, ya ce, “Ustad, gilashin nan ya fi babur ɗinka tsada. In hannunka ya fara rawa, faɗa mini tun yanzu, ba abin kunya ba ne.”

Na ajiye kofi, na murɗa gashin bakina. Na ce, “Chaudhry sahib, in ka ga zane ko na silin gashi a tagar nan, a aske wannan.”

Kowa ya ji. A garin nan kuwa namiji ba ya ɗora hannu a gashin baki ya dawo ya ce wasa yake.

Ranar Juma'a Haji ya yanka baƙin bunsuru a ƙofar gida, yadda ake yi kafin a shiga sabon gini. Aka rabar da nama sadaka, aka bar wa ma'aikata kai da ƙafafu. Na tafi masallaci, na bar jakata a ƙarƙashin matakala. Na kuma bar Shafqat, ƙanin matata, wanda nake aiki da shi saboda yayarsa ta ce in yi. Mutum ne da ya ba arba'in baya, tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki, kuma a duniya babu abin da yake so kamar farfesun ƙafa. Ya babbake ƙafafun a wutar guntayen katako, ya nemi wuƙa, mahauci ya tafi da tasa. Sai ya buɗe jakata. Kankarewar ma da sauƙi. Da ya zo cire kofato ya ƙi fita, sai ya cusa bakin marigayi ya banƙara. Bayan nan ya wanke shi tas, ya sa masa sabuwar reza, har ruwan wardi ya shafa masa don ƙaurin, ya mayar da shi inda yake.

Farfesun ya kwana a wuta. Da safe muka ci da gurasa mai zafi. Na ci, na nemi ƙari.

Na hau tsani don in ƙarasa rabin tagar da ya rage, na jiƙa gilashi, na kwantar da shi kamar kullum. Bai ce shiik ba. Cewa ya yi ƙiiir. Muƙamuƙin ya murɗe, kusurwar rezar ta nutse, kafin hannuna ya tsaya ta ja layi daga saman tagar har daidai ƙirjina. Na sauko, na duba shi a rana, na sa yatsa in miƙe masa baki. Ya ce ƙas. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Da na kwance ƙusar, sai ga baƙin gashin akuya a naɗe a ƙarƙashinta.

Na juya na dubi Shafqat. Ya ce, “Yaya Karamat, wallahi a hankali na yi. Kai ma ai ka ce romon ya yi daɗi.”

Ban dake shi ba, ina so a rubuta wannan. Leburori biyu ne suka riƙe ni, amma dai ban dake shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar bokiti ɗaya, da robar share ruwa, da tsummoki masu yawa, da tsani mai gajeriyar ƙafa wanda suka daɗe tare, da ƙunshin rezoji marayu da ba a ko buɗe ba. Ya kuma bar rabin tagar Haji da fentinta. Akwai wani makankarin roba mai ruwan ɗorawa da Shafqat ya sayo a kasuwa ya aiko ta hannun yayarsa. Iyali ba su san shi ba, kuma ba ya cikin magada.

Ba za a sayar da gawar ga 'yan gwangwan ba, don haka su daina leƙowa. Za a naɗe shi a sabon tsumma a binne a gindin gwaibar gidana ranar Laraba bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a shagon shayin Billu da ke bakin layinmu. Masu fenti za su iya zuwa, amma su zauna daga waje. Kada kowa ya kawo farfesu. An ɗauke wa Shafqat wahalar halarta.

Haji Inayat ya ce zai sa labule. Chaudhry Sarwar ya ce shi zai ji da gilashin, maganar gashin baki kuma a bar ta, ai raha ce. Na ce masa ni ban iya raha da shi ba. Saboda haka masu zuwa gaisuwa kada su wuce ni suna tambaya ina Ustad. Ni ne na kusa da murhu, mai farin leɓe, wanda jikarsa ta gani ta fashe da kuka. Ranar Lahadi na je wurin mai aski. Ya jiƙa da sabulu, ya kwantar da reza, ya tafi gaba bai ja da baya ba. Aikinsa ya yi kyau, babu zane ko ɗaya.